Ɗan Magini a Birnin Shi'an

Duk wanda na gaya wa cewa Hausa nake koyarwa a ƙasar Sin sai ya ce in maimaita, wai ko kunnensa ne bai ji daidai ba. Hausa ɗin dai. Tun cikin shekarun 1960 Sinawa suke koyon harshenmu a manyan makarantunsu, gidan rediyonsu kuma ya fara watsa shirye-shirye da Hausa a 1963, dattawan da suka saba murɗa gajeren zango da daddare sun san da haka. Ni kuwa Allah ya tsaga da rabona a wata jami'a a Beijin. Aka ba ni ɗan ƙaramin aji, samari da 'yan mata masu ƙwazo, kowanne da sunan Hausar da ya zaɓar wa kansa. Kullum muna fama da karin sauti da dogon wasali, da yadda baƙi zai saba da haruffanmu masu lanƙwasa.

Zamana a garin bai wuce daga ɗaki sai aji ba, daga aji sai wani shagon taliya na Musulmi da ke bayan makaranta. Iyalina suna Kano, tsakaninmu tazarar awa bakwai. Idan na sallame isha'i su ko azahar ba su yi ba, idan yara suka taso daga Islamiyya ni na yi nisa a barci. Kewa ta yi mini yawa a lokacin, har ta kai ba na sha'awar fita ko'ina.

Akwai wani ɗalibi a ajin, yaro mai natsuwa, ɗan asalin birnin Shi'an. Wata rana bayan darasi ya tsaya sai da kowa ya fita, sannan ya ce, "Malam, kana zaune a ƙasarmu amma ba ka ga ƙasarmu ba. Beijin yarinya ce a kan garinmu. Babana ya ce in gayyato ka." Da aka samu 'yan kwanakin da babu darasi wajen ƙarshen Oktoba, sai muka kama hanya.

Jirgin ƙasa mai sauri muka hau. Tafiyar ta kusa kilomita 1,200, amma kafin awa shida ta cika mun sauka, allon da ke saman ƙofar taragon yana nuna gudun kilomita 300 a awa. Da muka wuce Luwoyang muka nausa yamma, ƙasar ta canza. Ta zama rawaya, mai laushi, ruwa ya yayyanka ta ya bar kwazazzabai masu zurfi, a jikin wasu tuddan ana hango ƙofofin gidajen da mutane suka haƙa a cikin ƙasar kanta. Na manne da tagar ina kallo, domin ni ɗan magini ne, kuma ɗan magini idan ya je baƙon wuri ƙasar yake fara dubawa.

Mahaifin yaron ya tarbe mu a tasha. Su ba Musulmi ba ne, amma tun kafin mu iso ya riga ya yanke cewa ba zan ci komai a garin ba sai a unguwar Musulmi, wadda ke bayan Hasumiyar Ganga a tsakiyar tsohon birni. Can ya kai mu a daren. Aka ajiye wa kowa kwano da gurasa biyu masu tauri, aka ce mu marmasa da hannu. Na gutsuttsura tawa na ture kwanon. Dattijon ya leƙa, ya girgiza kai, ya turo mini shi. Ɗansa ya ce, "Malam, Baba ya ce a ƙara. Idan gutsuren ya yi girma romo ba ya shiga cikinsa." Muka zauna muna marmasawa muna hira, yaron yana tafinta, har yatsuna suka gaji. Sannan aka kwashe kwanukan aka kai wa mai dahuwa, ya dafa gurasar cikin romon rago, aka dawo da ita da yankan nama a kai, ga tafarnuwa mai zaƙi da yaji a gefe. Suna kiran abincin pawomo. Tun da na bar gida ban ci abin da ya zauna mini a ciki irin wannan ba.

Washegari da sassafe muka nufi Lintong, wajen kilomita 40 gabas da birni. Lokacin rumman ne, mata sun jera shi a kwanduna a bakin hanya. A nan ne cikin watan Maris na 1974 wasu manoma da fari ya dama suka fita haƙa rijiya. Ruwa bai fito ba, sai tsingaro da kawunan kibau na tagulla, daga baya sai kan mutum na yumɓu. Abin da fatanyarsu ta taɓa gefen wata runduna ce ta sojojin yumɓu da aka binne fiye da shekara 2,000, babu wanda ya san tana nan.

Mai rundunar shi ne Chin Shi Huwang. Ya hau sarautar Chin, ɗaya daga cikin masarautun da suka raba ƙasar Sin a lokacin, yana ɗan shekara 13, ya ci sauran masarautu shida da yaƙi ɗaya bayan ɗaya, a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya haɗa su ƙasa guda ya kira kansa sarkin sarakuna na farko. Shi ya daidaita musu rubutu, da kuɗi, da mudu da ma'auni, har da faɗin tsakanin ƙafafun amalanke, don kowace ta bi sawun 'yar uwarta a hanya. Shi ne kuma ya sa aka ƙone littattafan da ba su yi masa ba. Tun yana yaro aka fara gina masa kabari, kuma bai yarda ya shiga shi kaɗai ba.

Na ga hotunan wurin sau da yawa, amma hoto bai gaya mini girmansa ba. Ramin farko tsawonsa mita 230 ne, faɗinsa 62, an rufe shi da wata makekiyar rumfa. Kana shiga sai ka gan su a ƙasa da kai, sahu-sahu, kowa ya fuskanci gabas inda masarautun da aka ci suke. Masana sun ƙiyasta wannan ramin kaɗai yana ɗauke da sojoji fiye da 6,000, ramukan duka kuma fiye da 8,000, ban da dawakai da karusai. Kowane tsayinsa ya kai na cikakken namiji, wasu ma sun fi. A da makamai na gaske ne a hannunsu, takubba da masu da baka, shi ya sa za ka ga yatsunsu a dunƙule suna riƙe da iska, itacen ya ruɓe tuntuni. Mutane sun cika gaban ramin maƙil, kowa ya ɗaga waya. Ɗalibina ya ja ni muka bi gefe har can ƙarshen rumfar, inda jama'a suka ragu.

A can ne tafiyar ta zama tawa. Ƙarshen rumfar wurin gyara ne. Waɗancan da ke tsaye a sahu ba haka aka same su ba. Rufin katakon da ke kansu ya ƙone ya rufta tun zamanin da, ya farfasa su, sai dai a tsince su gutsure-gutsure a haɗa. Na ga wasu an ɗaure su da igiya da leda, kowane da lambarsa, wani babu kai, wani rabin ƙirji kawai. Ta inda suka fashe kana iya leƙa cikinsu. Na leƙa na ga yadda aka yi su: an fara da ƙafafu, sannan aka riƙa murza yumɓu ana naɗawa ana ɗorawa har aka tada gangar jiki, ciki fayau, ana dannawa da hannu ana shafewa. Sawun dannawar yana nan a ciki, inda ba a yi don kowa ya gani ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, magini ne a cikin birnin Kano. Ginin ƙasa ya yi tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. Na taso ina taka ƙasa da ciyawa a wurin kwaɓi, ina jera tubali a rana, da na ƙara girma nake jefa masa shi yana zaune a kan katanga yana cafewa, ko kallona ba ya yi. Na san yadda hannu yake barin shaida a jikin yaɓe. Idan Baba ya shafe bango, yakan bi da yatsu huɗu ya ja layi mai lanƙwasa, kuma ko a cikin gini goma zan nuna maka nasa. Da na ga sawun hannun nan a cikin ƙirjin sojan yumɓu sai na manta da sarkin gaba ɗaya. Mutumin da ya durƙusa a nan da laka har gwiwar hannu nake gani, wanda ya san ruwan da wannan rawayar ƙasa take sha, ya san kwana nawa za a bar ta ta bushe kafin a kai ta wuta don kada ta tsage. Wanda bai taɓa aikin ƙasa ba ba zai gane wahalar gasa abu mai wannan girma da kauri ba tare da ya fashe ba. Sun yi shi sau dubbai.

Kawunan daban aka yi su. An fitar da su daga 'yan ƙirar fuska kaɗan, sannan aka bi kowane da hannu, a ƙara wa wannan gemu, a ɗaga wa wancan gira, a gyara kunne, a tsefe gashi da tsinke. Shi ya sa ba ka ganin biyu iri ɗaya. Kuma ba wannan launin toka suke da shi ba a farko. An shafe su da wani irin ƙaro na itace, aka zane su da ja da kore da shuɗi da shunayya. Da aka tono na farko, iska na bugunsu ƙaron ya nannaɗe ya zube cikin 'yan mintoci, masu tonon suna kallo ba su da abin yi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka bar da yawa a binne har yau, ana jiran a ƙware wajen tsare launin.

A rami na biyu akwai wani maharbi da aka sa a akwatin gilashi, ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Kowa fuskarsa yake ɗauka. Ɗalibina ya ce, "Malam, zagayo ta baya." Na zagaya. Tafin takalminsa na dama yana a ɗage, kuma maginin ya bi shi da ɗigo-ɗigon ɗinki, layi bayan layi, ya cika su a dunduniya da wajen yatsu inda takalmi ya fi cinyewa, ya sassauta a tsakiya. Tafin takalmi ne, na mutum-mutumin da za a binne a duhu, wanda aka yi da niyyar kada ido ya sake ganinsa. Na daɗe a tsugune a wurin har mai gadi ya yi mini alama in ba wasu hanya.

Yaron ne ya gaya mini cewa maginan sun bar sunayensu. A wurare ɓoyayyu, ƙarƙashin hammata ko gefen riga, akwai tambari ko rubutun da aka karce tun yumɓun yana ɗanye, kuma masana sun tattara sunaye fiye da 80 na shugabannin aiki, wasu daga ma'aikatar fada, wasu daga garuruwa. Na ji daɗi, na ce ashe an girmama su. Ya ce a'a Malam, dokar Chin ce, kowa ya sa sunansa a kan abin da ya yi, don idan an samu aibi a san wanda za a hukunta. Jikina ya yi sanyi. Tsoro ne ya sa su rubuta sunan, ba alfahari ba. Ban kuma san yadda zan raba tsoron da gwanintar ba a tafin takalmin nan, domin na ga Baba yana gyara lungun da mai gida ba zai taɓa leƙawa ba, kuma babu mai bulala a kansa.

Sima Chiyen, masanin tarihin da ya yi rubutu wajen shekara 100 bayan mutuwar sarkin, ya ce mutum 700,000 aka tara a aikin kabarin. Ya ce an kashe matan sarkin da ba su haihu ba aka binne su tare da shi, an kuma rufe ƙofa a kan masu sana'ar da suka san sirrin ciki. A wani ƙauye kusa da wurin an tono makabartar leburori, mutane a takure a ƙananan ramuka, wasu da gutsuren tayal a kusa da su wanda aka karce sunansu da garin da aka kwaso su. Da yawa bashin hukuma ne ya kawo su, suka zo biya da ƙarfinsu, ba su koma ba. Abin mamaki, Sima Chiyen bai ambaci rundunar yumɓun ba ko da kalma ɗaya.

Kabarin kansa yana wajen kilomita ɗaya da rabi daga ramukan. Tudu ne kawai da itatuwa suka rufe, ba a buɗe shi ba har yau. An rubuta cewa a cikinsa an yi koguna da tekuna na zaiba, kuma da aka auna ƙasar tudun an samu zaiba fiye da ƙima. Sarkin ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa, yana kan rangadi, bayan ya sha neman maganin da zai hana shi mutuwa. Daular da ya ce za ta kai jikoki dubu goma ba ta yi shekara biyar a bayansa ba. Na tsaya a gindin tudun ina tuna ayoyin da suka umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, waɗanda suka fi mu ƙarfi da gine-gine. Na sha karanta su a allo ina yaro. A wurin na ji nauyinsu.

Da yamma mun biya ta doguwar hasumiyar da aka gina a 652 don ajiye littattafan da malamin addinin Budda, Shuwanzang, ya ɗauko daga Indiya bayan ya yi shekara 16 a tafiya. Hawa bakwai ce, ta ɗan karkata kaɗan. Ba mu hau ba, ƙafafuna sun gaji, kuma hankalina yana Lintong.

Safiyar Juma'a yaron ya ce akwai wurin da malami bai kamata ya bar garin bai gani ba. Suna kiransa Dajin Duwatsu, an kafa shi a 1087. Ɗakuna ne cike da allunan dutse baƙaƙe, sun fi mutum tsawo, an sassaƙa rubutu a jikinsu. Mafi girma a ciki jeri ne na duwatsu 114 da aka gama a 837, ɗauke da manyan littattafan karatunsu na gargajiya, haruffa fiye da 650,000. Dalilin yinsu ya burge ni. A lokacin da hannu ake kwafar littafi, kuskure yana shiga daga kwafi zuwa kwafi, sai hukuma ta sa aka sassaƙa ingantaccen matani a dutse aka kafa a makaranta, duk ɗalibin da ke shakka ya zo ya gwada nasa. Wanda ya yi karatun allo, ya ga yadda alaramma yake bin satu wasali-wasali, ya san darajar wannan. Akwai kuma wani dutse na 781 da ke ba da labarin isowar Kiristoci daga yamma a 635, da rubutun Suriyanci a gefensa. A wani ɗaki wani ma'aikaci ya manna farar takarda a jikin dutse yana bugunta da ƙunshin tsumma mai tawada, bugu ɗaya bayan ɗaya, haruffan suna fitowa farare a cikin baƙi. Ɗalibina ya tsaya yana karanta wani layi a hankali, rubutun da aka sassaƙa shekara fiye da 1,000 da suka wuce, yana juya mini shi da Hausarsa mai tsabta. Ban taɓa jin daɗin aikina irin na wannan lokacin ba.

Daga nan muka shiga lungunan unguwar Hui, wato Musulmin da harshensu Sinanci ne, muka bi wata siririyar hanya cike da masu sayar da tsaraba har muka ɓulla ƙofar babban masallaci. In ba an gaya maka ba, ba za ka ce masallaci ba ne. Babu ƙubba, babu doguwar hasumiya irin wadda muka sani. Farfajiya ce bayan farfajiya, da itatuwa da ƙofofin katako masu rufi mai lanƙwasassun baki, an jera su daga gabas zuwa yamma, domin alƙiblarsu yamma take. Mutanen wurin suna cewa an kafa shi a 742 zamanin daular Tang, lokacin da fatake Larabawa da Farisawa suke zuwa birnin ta hanyar siliki, gine-ginen da ke tsaye yanzu kuwa yawancinsu na zamanin daular Ming ne da bayanta. A saman ƙofofi akwai rubutun Larabci da aka ja da burushin Sinawa, sai ka matso sosai kafin ka gane kalmar shahada ce.

Ɗalibina ya tsaya a farfajiya, domin ɗakin salla na masu salla ne kaɗai. Na yi alwala na shiga. Katako ne ko'ina, duhu-duhu, da sanyi, an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a allunan da suka rufe bango. Dattawa masu fararen huluna suka matsa mini wuri a sahu. Liman ya yi wa'azi da Sinanci, na tsinci kalma nan da can, sannan ya yi huɗuba da Larabci. Da ya tada salla ya fara Fatiha, karin harshensa daban ne da namu, amma babu harafin da ya ɓace mini. Hanafawa ne, ba a ɗaga murya da amin. Na yi watanni ina zaune a cikin mutanen da sai na yi tunani kafin in gaishe su, ga shi yau kafaɗata tana gugar ta wani tsoho kuma babu abin da ke buƙatar tafinta. Hawaye suka zubo mini a sujada, ban hana su ba.

Bayan sallama tsohon ya riƙe hannuna da hannu biyu, muka fito tare. Ya tambaye ni da ɗan Larabcinsa daga ina, na ce Nijeriya. Ya kira ɗalibina da hannu ya ce ya tambaye ni, a ƙasarku akwai tsofaffin masallatai irin wannan? Na ce, "Gaya wa Baba akwai, amma namu na ƙasa ne." Na ba shi labarin hasumiyar Gobarau a Katsina, da ta Agadas, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, da bakan-gizonsa na azara da ƙasa waɗanda masana gini suke zuwa kallo daga nesa. Ya ce ƙasa kuma ba ta narkewa da ruwa? Na ce tana narkewa idan an bar ta, shi ya sa ake yaɓe duk shekara. Ya gyaɗa kai ya nuna ginshiƙin da ke kusa da mu, ya ce katako ma haka yake, wanda aka daina dubawa shi gara take ci.

Da la'asar muka hau ganuwar birnin ta ƙofar kudu. An fara ta a 1370 zamanin sarkin Ming na farko, ta kewaye tsohon birni kusan kilomita 14, tsayinta mita 12, samanta kuma faɗinsa ya kai mita 12 zuwa 14, har ana ba da hayar keke a zagaya. Abin da yawancin masu hawa ba su sani ba shi ne cikinta ƙasa ce. Ƙasa aka zuba aka daddaɓe hawa-hawa, sai bayan kusan shekara 200 aka lulluɓe ta da bulo. Na duƙa ina duba bulon da muke takawa, sai na ga wasu da rubutu. Yaron ya karanta: 1984, da sunan ƙauyen da aka gasa shi. Mahaifinsa ya ce yana saurayi ganuwar nan duk ta zube a wurare da yawa, mutane sun kwashe bulo sun yi gidaje, an haƙa ramuka a jikinta, ramin da ke kewaye da ita ya zama juji. A 1983 aka tashi gyara, aka fito da mutanen gari, shi ma ya yi kwanaki yana kwasar laka. Ya ce saura ƙiris a rushe ta a shekarun 1950, yadda Beijin ta rushe tata ta shimfiɗa titi da jirgin ƙarƙashin ƙasa a gurbinta.

Ina jin wannan zuciyata ta tafi badala. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwarmu, wato ta girmi wadda nake tsaye a kai da fiye da shekara 200, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta. Ina yaro muna hawanta mu hango gonaki. Yanzu a wurare da yawa sai an nuna maka ka yarda akwai ta. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an kafa shaguna da gidaje a kanta, ruwa ya ci sauran, wasu ƙofofin an rushe an sake su da siminti. Abin yana ci mini rai, kuma ba na yarda da masu cewa ai ƙasa ce, dole ta tafi. Ta Shi'an ma ƙasa ce. Ta lalace har an fid da rai, mutanen gari suka ce ba su yarda ba. Mu da muke da Sarkin Magina, muke da zuriyar da ta gaji aikin nan, ba gwaninta muka rasa ba. Muna jiran maginan su ƙare ne ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun koma bulo da siminti ko sun kama wata sana'a, ni ma ga ni a cikinsu.

Na lissafa gine-ginen Baba da na sani. Gidan wani attajiri da ya yi wa soro mai daurin guga an rushe shi an yi bene. Masallacin unguwa an sake shi. Shagunan da ya gina a bakin kasuwa titi ya bi ta kansu. Abin da ya rage da zan iya rantsuwa hannunsa ne shi ne zauren gidanmu, kuma rabon da a yi masa yaɓe tun yana da rai. Zuwana na ƙarshe na ga zanko ɗaya ya karye, indararo ya toshe, ruwa ya fara cin gindin bangon gabas, har ana maganar a buge shi a yi shago.

Ban jira na koma Beijin ba. A kan ganuwar na kira yayana, a Kano hantsi ne. Na ce, "Yaya, maganar zauren Baba ce. Don Allah kada a taɓa shi." Ya ce kai da kake Sin me ya tuno maka da zaure? Na ce zan ba shi labari, amma a nemo wanda ya iya, ni zan ɗauki kuɗin. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ba son rushewar yake ba, ba ya so ne ya zama shi kaɗai yake ja da kowa.

Neman maginin ya fi tara kuɗin wuya. Sai da aka yi wata da watanni kafin a samu wani dattijo da ya taɓa aiki a ƙarƙashin Baba, ya zo da jikansa. Ya ce ba zai sa siminti ko cokali ɗaya ba, domin siminti a kan ƙasa yana riƙe damshi ne ya ruɓar da bango ta ciki. Aka nemo jar ƙasa da makuba, aka canza azara biyu da gara ta ci, aka tada zankon, aka gama kafin ruwan farko. Na roƙi yayana ya sa yaranmu su taka kwaɓin da ƙafarsu, ya kuma ɗauki aikin a waya tun daga farko har ƙarshe. Da bidiyon ya iso na kai shi aji, muka yi mako guda a kansa, ɗalibai suna rubuta tubali da azara da makuba da yaɓe a littattafansu, suna tambayar dattijon abubuwa ta bakina, ni kuma ina aika masa da saƙon murya yana amsawa. Ɗalibin nan ɗan Shi'an a kan ginin ƙasa na Hausa ya rubuta kundinsa na kammala digiri.